Ranar da Na Wanke Kuskus

A gidanmu ni ce mai dambu. Tun da gwiwoyin Inna suka fara hana ta zama a gindin murhu, duk taron da za a yi a dangi, suna ne, walima ce ko yinin biki, ni ake aiko wa tun saura mako guda. Ba a tambayata ko zan iya. Cewa kawai ake, “Ranar Asabar ne,” ni kuma na san sauran.

Aikin kwana biyu ne. In sa a ɓarzo mini shinkafa ’yar gida, ta fadamarmu ta Haɗeja, ba ta buhun kanti ba. In tankaɗe in ware garin, in wanke tsakin, in yi ta rege shi a ƙwarya har sai na daina jin ƙarar yashi a gindinta. Shinkafar bakin kogi akwai daɗi, amma a ƙasa ake bugun ta, macen da ta yi sakaci da regewa haƙoran baƙinta ne za su ba ta labari. Sai zogale a tsige shi ganye-ganye, albasa, attaruhu, dakakkiyar gyaɗa, man gyaɗa da aka soya. A turara a sauke, a juye a babbar roba a murje, a haɗa, a sake mayarwa wuta. Kafin in gama idanuna sun yi ja, zanina na warin hayaƙi, bayana kamar aro na yi.

Ban taɓa jin nauyin aikin ba, saboda abin da ke biyo baya. In na sauke, ba mai taɓawa sai an kai wa Inna. Ta sa yatsu uku ta ɗiba, ta tauna a hankali idonta a lumshe, sannan ta dubi duk wadda ke kusa ta ce, “Hannun yayarku daban ne.” Daga nan ta sa a zuba mata wani a ’yar ƙaramar samirarta, ta tura ƙarƙashin gado, wai na anjima. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma don wannan samirar nake shan hayaƙin.

Mu biyar ne a wurin Inna. Ni ce babba a mata, autarmu kuma mace ce, shekara goma sha ɗaya tsakaninmu. Auta muke ce mata har yau, ko da yake ’ya’yanta biyu. Ni na goya ta. Ni na koya mata girki, kuma ni ce babbar shaida cewa bai shiga ba. Tuwonta gudaji, miyarta ruwa gefe kuka gefe. An taɓa barin ta da tukunyar wake, ta ɗauki littafi ta zauna a bayan ɗaki, sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar me ke ƙonewa. Ta zama abin dariyar gida. Ranar taro in ana rabon aiki sai wani ya ce, “Auta kuma a ba ta gadin takalma.” Ta yi dariya tare da mu. Ban taɓa tsayawa na dubi irin dariyar da take yi ba.

Ni a sakandare na tsaya, ita ta wuce. Ta auri malamin makaranta, aiki ya kai su Dutse, muka bi mijin da addu’ar Allah ya ba shi haƙuri.

Abin ya faro ne ranar sunan ɗan ƙanina. Da rani ne, lokacin da kayan lambu suka cika gari, kwandunan tumatir da tattasai jere a bakin titi, masu lambu na roƙon a ɗauka. Zafi kuwa ya fara buɗe ido. Tun bayan sallar Asuba nake madafi. Wajen hantsi sai ga Auta ta sauka daga mota, ga lalle, ga mayafi mai ƙamshi, ga baƙar leda a hannu. Ta leƙo.

“Yaya, sannu da hayaƙi. A ɗan tafasa mini ruwa a buta mana, ni ma zan haɗa wani abu.”

Goggonmu ta Guri, ƙanwar Baba, tana zaune a kan turmi tana tsige zogale. Ita bakinta ba ya hutu. Ta ɗaga hannu sama.

“Jama’a ku ɓoye tukwane! Auta za ta yi girki!”

Aka kwashe da dariya, har da ni. Da ruwan ya tafasa na miƙa mata butar ban ko waiwaya ba. Ta shige ɗakin Inna, ta sa aka bi ta da wuƙa da babbar roba. Iyakar abin da na gani ke nan: buta ta shiga ɗaki. Abin da aka yi da ruwan ban gani ba, ban kuma tambaya ba.

Ban kai ga sauke turare na biyu ba sai ga ta ta fito da babban tire. Wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu ruwan ƙwai, ba su kai gero ba, a warware sarai, kowace ƙwaya na zaman kanta. A ciki ga jan tumatir, ga kokwamba da koren tattasai, ga karas, ga albasa mai lawashi, an yayyafa ganyen na’a-na’a a sama. Ƙamshin lemon tsami ya riga ta isowa tsakar gida.

“Salak ɗin kuskus ne,” in ji ta. “A gefen shinkafa ake sa shi.”

Goggo ta leƙa, ta shinshina. “Abinci ba wuta ba hayaƙi? Wannan ai kwaɗo ne ya yi karatun boko.” Ta sa cokali don ta samu abin ƙara tsiya. Ta tauna. Ta sake sa cokalin.

Ni dai na ga abin da ya faru da idona. Mata suka yi wa tiren nan zobe. A zafin nan, abu mai sanyi da ɗan tsami, kowa sai ƙari yake nema. Matar ƙanina, mai jego, aka ɗibar mata sau biyu. Wata maƙwabciya ta ciro waya tana ɗaukar hoto. Wata ta ce, “Kuma wai minti nawa kika ce?” Auta ta ce, “Wallahi yankan kayan ne kawai aikin.” Ina tsaye a ƙofar madafi da mara a hannu, gumi na bin wuyana, na ji wannan maganar ta shige ni kamar ƙaya.

Aka kai wa Inna dambuna kamar kullum. Ta ɗiba, ta tauna, ta ce, “Madalla, Allah ya yi albarka.” Sai aka miƙa mata na Auta.

“Wa ya yi wannan?”

“Auta ce.”

“Wace Autar?”

Ɗaki ya ɗauki dariya. Inna ta ƙara ɗiba. “Kai, wannan ba ya neman haƙori. Ashe ’yar nan tana da hannu muka zauna muna ta zaginta.” Ta sunkuya ta jawo ’yar samirar nan daga ƙarƙashin gado, ta miƙa wa Auta. “Ɗan zuba mini na anjima.”

Na koma madafi na ce hayaƙi ne ya shigar mini ido. Da yamma dambuna ya yi saura kusan rabin kula, aka rarraba wa maƙwabta. A shekarun da na yi ina yin sa, ban taɓa ganin gindin kular nan a rufe ba sai ranar.

Ni ba jahila ba ce. Ina zuwa Islamiyya, na san sunan abin da ke cikin ƙirjina, na kuma san abin da malamai suka faɗa a kansa. Na yi istigfari. Na yi wa Auta addu’a da sunanta a sujada, don an ce hakan na wanke zuciya. Sai in sallame, in ɗauki waya, in tarar a zauren matan gidanmu an sake saka hoton tiren nan, ana ta jera yabo a ƙasa, in ji abin ya dawo sabo. Wata ’yar baffanmu ta Kafin Hausa har cewa ta yi bikin ƙanwarta in ba Auta ba a fasa. Na rubuta “Masha Allah” na aika. Yatsana ne ya rubuta, zuciyata ba ta sa hannu ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sauƙin. Da wani abu ta yi mai wahala, da ta yini a kan wuta ta ƙone yatsu, da na ce ta biya. Amma buta ɗaya! Ina kwana biyu a kan dambu, ita tana zaune a ɗaki ƙarƙashin fanka da lallenta, a ce an tashi ita ce gwana.

Na ɗan taɓa wa maigidana zancen, a kaikaice. Na ce abincin leda ba ya riƙe ciki. Yana gyara rediyonsa, bai ɗago ba ya ce, “Ni dai na ci, kuma ya riƙe ni har Magariba.”

“Au, kai ma ka ci?”

“An kawo mana zaure. Ko laifi ne?”

“A’a. Wane laifi.”

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya yi murmushi, ya mayar da kai. Ranar miyarsa ba ta ji nama ba, Allah ya yafe mini.

Bayan wata biyu babbar ’yata ta sauke Alƙur’ani, muka sa ranar walima. Wannan taro nawa ne, a gidana, ’yata, baƙina. Na je gida in shaida wa Inna. Ta yi murna har da hawaye, ta yi ta sa albarka. Ina shirin tashi ta ce, “Sai a kira Auta da wuri, ta zo ta yi mana wannan abin nata.”

Ba ta ce dambu ba. Na jira ta ce, ba ta ce ba.

“Ba sai an wahalar da ita ba, Inna,” na ce. “Ta zo ta zauna ta ci kawai. Ni zan yi.”

“Kin iya ne?”

“Me ke ciki? Ba tsaki ba ne?”

Ta dube ni ɗan jim, ta ce, “To, Allah ya kai mu.”

A hanyar komawa na gama tsara komai. Ba zan yi dambu ba sam. Shinkafa da miya da kifi na bar wa matan unguwa da za su taya ni. Ni kuskus zan yi, in yi wanda ya ninka na Auta, in sa abin da ba ta sa ba, Inna ta ci a gidana ta faɗi maganar da ta saba faɗa. Auta ta kira ni a waya tana cewa, “Yaya, Inna ta ce ke za ki haɗa salak. In gaya miki yadda...” Na katse ta. Na ce, “Ke dai ki taho da wuri ki yi wa ɗiyarki kwalliya.” Ta ce to.

Maigida ya sayo mini leda takwas. Da safiyar walima na farke su duka na juye a babbar roba. A bayan kowace leda akwai rubutu, har da ’yan hotuna. Na iya karatu sarai. Amma na ce a raina, ni da na shekara ashirin ina sarrafa tsaki, yau leda ce za ta koya mini? Na dunƙule su na cusa a murhu na hura wuta da su.

Sai na yi abin da hannuna ya saba. Ba macen da aka haifa a garin nan da za ta sa hatsi a tukunya ba ta wanke ba. Na tsiyaya ruwa har ya sha kansa, na sa hannu na cuɗa, na tsiyaye, na sake. Sannan na ɗauko ƙwaryata na zauna a kujera ’yar tsugunno na fara regewa, kaɗan-kaɗan, yadda nake yi wa shinkafa. Leda takwas ba wasa ba ce, na daɗe a kai, sauran kuma na jiƙe a ruwa yana jiran layi. Ko ƙwayar yashi ɗaya ban samu ba. Maimakon hakan ya faɗa mini wani abu, sai na ce lallai yashin nasu mai laushi ne, na ƙara wani zagayen.

Tun a ƙwarya na fara jin yana kama mini yatsu. Ya kumbura, ya cika robar da ɗazu bai kai rabinta ba. Sai na tuna butar nan. Na ce af, ai ruwan zafi ne sirrin, shi zai warware shi. Ita buta ɗaya ta yi wa ɗan nata, ni nawa da yawa, don haka na juye a babbar tukunya na sheƙa masa tafasasshen ruwa bokiti guda.

Ya zama kunu.

Na ce bari in ɗora a wuta ruwan ya tsotse. Na ɗora. Ya fara kamu, na ɗauko muciya don kada ya ƙone. Ina juyawa yana haɗewa, yana nauyi, yana bin muciyar. Da na ankara, tuƙa tuwo nake yi. Ga tumatir da kokwamba da karas na yanka tun da sassafe, an jera su a faranti gwanin kyau, suna kallona.

Goggo ce ta fara shigowa. Tun jiya ta iso daga Guri da ƙullin bandar kifi. Ta leƙa tukunya, ta dube ni, ta sake leƙawa.

“’Yar nan, ba ki ce mana tuwo za a ci ba, ai da na zo da kuɓewa.”

“Goggo, don Allah.”

“A’a, tambaya nake. Wannan ne ɗan bokon? Ashe in ya zo hannunki komawa gida yake yi.”

Azahar ta kusa, bayan La’asar baƙi za su fara shigowa, Inna na hanya. Na zauna a bakin turmi na rufe fuska da gefen zani.

A haka Auta ta same ni. Na ji muryarta tun daga zaure tana kiran ɗiyarta mai sauka, sannan na ji takunta ya tsaya a ƙofar madafi.

“Yaya, lafiya? Me ya... wannan mene ne?”

Goggo ta ce, “Salak ne. Yayarki ta inganta shi.”

Auta ta sa yatsa ta dangwali abin, ta ɗago, ya biyo yatsan. “Yaya, me kika yi masa?”

“Wankewa na yi.”

“Kika wanke?”

“Na rege.”

“Kika rege kuskus?”

Ta yi ƙoƙari, na ga ta yi ƙoƙari. Ta cije leɓe, ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Sai abin ya ƙwace mata. Ta yi dariya har ta durƙusa ta dafa ƙofa, mayafinta ya zame. Goggo ta taya ta. Na zauna ina jin su, na tuna sau nawa aka yi wa Auta irin wannan a madafin Inna, ni ce ma kan fara.

Ta share hawaye ta ce, “Yi haƙuri, Yaya. Wallahi ba da gangan ba. Dafaffe ne fa tun daga inda aka yi shi, busar da shi kawai suka yi. Ba ya son wanki, ba ya son wuta. Ina maigidanki, Yaya Malam? A ce ya hau mashin ya ƙaro leda huɗu, huɗu ma sun isa.”

Maigida ya tafi bai ce uffan ba, wannan na yaba masa. Da ya dawo, Auta ta cire mayafi ta ɗaura a ƙugu. Ta juye kuskus a busasshiyar roba, ta barbaɗa gishiri, ta zuba man gyaɗa kaɗan ta cuɗa har kowace ƙwaya ta ji. Ta auna shi da kofi, ta auna tafasasshen ruwa daidai da shi, kofi da kofi, ta zuba, ta rufe da tire.

“Shi ke nan?” na ce.

“Shi ke nan. Kar ki buɗe. Je ki yi alwala ki yi salla.”

Na idar na dawo, ta buɗe, ta sa cokali mai yatsu tana tsefe shi a hankali, yana zubowa warwar. Ta baza shi a tire ya huce, ta ce in an haɗa da zafi tumatir zai saki ruwa. Ta matse lemon tsami a kofi, ta zuba mai da gishiri da ɗan masoro ta kaɗa. Ta juye kayan da na yanka, ta zuba ruwan lemon, ta juya sau uku ko huɗu. Ta ɗanɗana, ta miƙo mini cokalin. Ya yi daɗi. Na so a ce bai yi ba.

“Yankanki ya fi nawa kyau,” in ji ta. “Dubi karas ɗin nan kamar da inji.” Ta rage murya. “Yaya, ba wanda ya sani sai mu uku da Yaya Malam. Ke kika yi. Goggo, kin ji ko?”

Goggo ta ce, “Ni bakina ai a ɗinke yake.”

Tukunyar tuwon muka rufe da faifai muka tura bayan buhunan gawayi.

Walima ta yi kyau. ’Yata ta yi karatu a gaban mata muryarta ba ta yi rawa ba, na yi kuka, Inna ta yi kuka. Aka fito da abinci. Tiren salak bai daɗe ba. Mata suna ta cewa, “Maman yara, ashe ke ma kin iya!” Auta na gefe tana cewa, “Ai Yaya ba daga nan ba.” Ni kuma ina murmushi ina cewa a ci lafiya. Aka kai wa Inna. Ta ɗiba ta tauna, ta dube ni, ta dubi Auta, ta ce, “Ya yi daɗi. Allah ya yi muku albarka.” Muku ta ce.

Na samu abin da na nema, a gaban kowa, amma ko loma ban iya haɗiyewa ba. A ranar da ’yata ta sauke littafin Allah, ni uwarta na tsaya ina karɓar yabon da ba nawa ba.

Inna a gidana ta kwana. Da safe bayan an karya, ina shara, na hango ta ta dogara sanda ta shiga madafi. Ta daɗe ba ta fito ba. Na bi ta. Na tarar ta ɗage faifan, tana duban tuwon da ya kwana ya daskare.

“Wannan fa?”

Na jingine tsintsiya. Na gaya mata duka, tun daga wankin har ledojin da na hura wuta da su. Na ce salak ɗin jiya Auta ce ta yi, ni yanka kawai na yi.

“Na sani,” in ji ta. “Goggonku ta gaya mini tun kafin in cire takalmi.”

Ta nemi wuri ta zauna a kan turmi, ta miƙe ƙafarta mai ciwo.

“Ba ta kira ki za ta gaya miki yadda ake yi ba?”

“Ta kira.”

“Kika ƙi ji.”

Na sunkuyar da kai.

“Zo nan.” Na matsa na durƙusa. “Shekara nawa ana yabonki a gidan nan? Ni da kaina na gaji da faɗa. Ita kuwa yarinyar nan tun da ta tashi ba a taɓa cewa ta iya komai ba. Mu duka muka taru a kanta, har ni. Sau ɗaya tak ta kawo abu aka ce madalla. Shi ne za ki bi ta ki karɓe?”

“Inna, ni ba karɓewa...”

“Karɓewa ne mana. Ki bar mata. Abu ɗaya ne, ki bar mata shi.”

Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun ina budurwa. Ba ta rarrashe ni ba. Ta bari na gama, sannan ta nuna tukunyar da sanda.

“Wannan kuma ba za a zubar ba, abinci ne. Ki kaɗa miyar kuɓewa.”

Kwana biyu muna cin sa, har maƙwabta sun samu. Maigida ya ce a gaskiya shi bai taɓa cin tuwo mai santsin wannan ba, ya tambaya ko za a riƙa yi duk Juma’a. Ban tanka masa ba.

Kafin Auta ta koma Dutse na shiga zauren matan gidanmu a waya na rubuta cewa salak ɗin walima ita ta haɗa, ni nawa ya lalace. Na daɗe ina kallon rubutun kafin in aika. Aka yi ta dariya, ’yar baffanmu ta ce a saka hoton tuwon. Auta ba ta rubuta komai ba. Da zan raka ta tasha ta riƙe hannuna tun daga ƙofar gida har bakin titi, kamar lokacin da nake kai ta makarantar allo.

Da bikin Kafin Hausa ya zo, ita aka fara kira. Ni sai washegari aka kira ni. Na lura da wannan, ba zan ce ban lura ba. Na yi dambuna, aka ci, ya yi saura kaɗan. Tun kafin a ci, ina saukewa, Auta ta aiko a ce tana neman mai yanka. Na wanke hannu na tafi ɗakin da take, na zauna a tabarma da wuƙa da tulin kokwamba, tana tsaye a kaina tana cewa, “Yaya, ƙanana fa, kuma a cire ’ya’yan.” Na ce to.

Da ta fita da tiren na ji guɗa daga tsakar gida, na ji ana kiran ta ta ko’ina. Abin nan ya sake tsikarata a ƙirji, a daidai inda ya saba, bai ragu da yawa ba. Na ce astagfirullah, na zauna har ya lafa. Sannan na tattara ɓawon kokwamba a faranti na fita na ba awakin gidan.